Gaisuwar Tsaye

Ban taɓa zaton gwiwa za ta raba ni da mutane ba. Da an ce baki ne sai in yarda, don tun ina yarinya mahaifiyata take cewa bakina ya fi ni girma. Amma gwiwa, wadda ko tunawa da ita ba na yi sai in na buge da ƙafar gado, ita ce ta tsaya tsakanina da dangin mijina.

Ciwon ya fara ne bayan na haifi 'yata, muna zaune a Zariya. Da yatsu ya soma. In na tashi da safe sai in ji su kamar na aro, ko murfin fulas ba na iya buɗewa sai rana ta ɗaga. Mahaifiyata ta ce sanyin jego ne, ta ƙara wa ruwan wanka wuta, ta ƙara wa kunun kanwa yaji. Aka yi arba'in aka wuce, sanyi bai tafi ba, sai ma ya gangaro gwiwoyi ya yi zamansa. Da muka gaji da jiƙe-jiƙe muka je asibiti, likita ta ce ciwon gaɓoɓi ne, irin wanda jikin mutum yake yaƙar kansa da kansa, kuma ba warkewa ake yi ba, lallaɓa shi ake yi. Na ce mata har yaushe. Ta ce in daina tambayar yaushe, in koyi zama da shi. Na fito ina jin haushinta kamar ita ta ɗora mini.

Daga nan abubuwa suka rufto mini a jere. Na bar koyarwa a firamare, don tsayuwa gaban allo ta gagare ni, allin ma sai ya suɓuce daga hannuna yara su yi ta dariya. Ban gama kukan wannan ba Allah ya karɓi mahaifiyata, ciwon 'yan kwanaki. Ana cikin haka maigidana ya samu aikin koyarwa a jami'ar da ke Wudil. Shi murna kamar ya taka rawa, domin ƙauyensu yana nan cikin Achika, zai dawo kusa da gida. Ni ma na yi murna, kuma zan faɗi dalilina ba tare da kunya ba: uwa nake so. Na rasa tawa, ga tasa nan da ranta, Inna, tsohuwa mai tsafta da ƙarancin magana. Na ce a raina in na matso kusa zan samu inda zan riƙa ajiye kaina.

Kafin ciwon, duk zuwan da na yi ƙauyen, tun daga bakin zaure nake cire takalmi, in na iso gaban Inna in zube gwiwa biyu a ƙasa, kaina a sunkuye, ba na ɗagowa sai ta gama tambayata mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Haka kowace suruka take yi a gidan, haka 'ya'ya, haka jikoki. Ba wanda ya koya mini, da shi na tashi a gidanmu. Kuma Inna tana jin daɗina a lokacin, har takan ce 'yar birnin nan ta fi na ƙauye ladabi.

Ranar da muka fara zuwa gaisuwa bayan mun tare a Wudil, mun same ta a ƙofar ɗakinta kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, matan gidan sun kewaye ta. Maigidana ya tsuguna daga nesa ya gaishe ta, ya koma zaure wajen maza. Ni kuma na cire takalmi na matso, na tsaya. Na san in na kai gwiwoyin nan ƙasa sai an kira mutane sun ɗaga ni. Sai na dafa cinyoyina na rusuna iya abin da bayana ya yarda, na ce, "Inna, ina wuni."

Hannun kowa ya tsaya a cikin gyaɗa. Inna ta dubi ƙafafuna, ta dubi fuskata, ta mayar da ido kan faifanta.

"Lafiya," ta ce.

Shi ke nan. Ba ya hanya, ba ya baƙunta, ba ya haƙurin rashin da na yi. Wata ta turo mini kujera 'yar tsugunno da ƙafa, ba ta san wannan ta fi tabarmar ma zama azaba a wurina ba. Na ce na gode, na jingina da bango. Haka na wuni a gidan surukaina a tsaye kamar mai jiran mota, ruwa ma na ƙi sha, don na san masai na tsugunno ne.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne maganin. Akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da likita ta ɗora ni a kansu, su ne suke sa in iya saukowa daga gado, su ne kuma suka cika mini kumatu, wuyana ya yi kauri, fatata har sheƙi take. Duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Kai, masha Allah, hutu ya karɓe ki." To ku haɗa lissafin da kanku, kamar yadda matan gidan suka haɗa. Da can mijinta yana ƙaramin malami, tana siririya, tana durƙusawa. Yanzu ya zama malamin jami'a, ya sayi mota, ta yi ƙiba, ta daina. Wallahi ko ni ce a cikinsu abin da zan ce ke nan.

A hanyar dawowa na tasa maigidana a gaba. Na ce ba ka faɗa wa Inna ba ne? Ya ce ya faɗa. Na ce da bakinka? Sai ya mayar da ido kan titi. Shi ne ɗanta na fari. Inna ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in ya gaishe ta bango take kallo ta amsa. Tun da ya yi wayo bai taɓa zama sun yi hira ta minti biyar ba, balle ya buɗe baki ya yi mata bayanin gwiwar matarsa. Saboda haka ƙanwarsa ya aika, wadda take aure a nan cikin ƙauyen. Ita kuma ta ɗauki duk bayanin likita ta dunƙule shi ta kai wa Inna cewa wai ƙafa ce take damun matar Yaya. Ni ma ba dama in gyara, don wace suruka ce za ta zauna gaban uwar miji tana lissafa mata gaɓoɓin jikinta? Kunya ta rufe bakinsa, ta rufe nawa, aka bar kumatuna suna magana.

Ƙanwar tasa kuwa ta samu abin wasa. Abokiyar wasata ce, tana da damar ta tsokane ni, kuma ta yi amfani da damar har ta wuce. Da ta hango ni sai ta ƙame ta sara mini, ta ce, "Ga soja nan, a ba ta hanya." Kowa ya yi dariya, ni ma in yi, don in ka yi fushi da wasan ƙanwar miji kai ne mara hankali. Sunan ya bi ni. Har yaran gidan in sun ga motarmu sai su ruga suna cewa soja ta zo.

A cikin garin Wudil ma ban tsira ba. Gidan haya muka kama, ba nisa da babban titi, inda manyan motoci suke wucewa dare da rana har tagogi suna rawa. Maƙwabta mutanen kirki ne, sun shigo sun yi mini sannu da zuwa, sun gayyace ni suna da biki. Na je sau ɗaya, na je sau biyu. Ko'ina tabarma ce. In na nemi kujera sai a shiga gida uku kafin a samo ta roba, a kafa mini ita a tsakiyar mata, in zauna sama da kowa kamar wadda aka gayyato ta yi jawabi. Hira tana gudana a ƙasa, ni ina sama ina kallon ɗankwalaye. In an kawo abinci a faranti ɗaya sai a zuba mini nawa daban a miƙo. Ba wanda ya yi mini laifi, amma ina komawa gida sai in ji kamar ban je ba. Daga baya na daina zuwa, su ma suka daina aikowa.

Sai kwanakina suka zama iri ɗaya. Maigida ya fita da safe ya ajiye yarinya a makaranta. Ni in zauna bakin gado ina jiran yatsuna su farka, in tsoma su a ruwan ɗumi, in lallaɓa in ɗora tukunya. Salla a kan kujera nake yinta, goshina ya manta ɗumin darduma, wannan kuma yana cikin abubuwan da ban taɓa iya yi wa kowa bayaninsu ba. In damina ta zo, tun kafin hadari ya haɗu gwiwoyina sun sanar da ni. Ranar Juma'a garin yakan cika maƙil saboda kasuwa, ina jin kukan shanu da hayaniyar 'yan lodi daga ɗakina, gari guda yana ciniki ni ina kallon silin. Fitata ɗaya ce tabbatacciya, ranar ganin likita a Kano. In mun hau gada nakan leƙa kogi in ga masu ɗiban yashi tsulum cikin ruwa, suna sunkuyawa suna ɗagowa ba ko tunani, in ji ina ƙyashinsu. Mace da digirinta tana ƙyashin mai ɗiban yashi saboda gwiwa.

Sau da yawa nakan ɗauki waya in nemo lambar mahaifiyata, wadda har yau ban goge ba, in kalla in ajiye. Ita kaɗai ce ta taɓa ganin gwiwoyin nan da safe. Ita ce take gasa su da tsumma mai zafi tana yi mini faɗa wai na cika raki, alhali idonta ya kawo ruwa.

Muna cikin haka jami'a ta tura maigidana ƙarin karatu ƙasar waje, na shekaru. Ba zan ce ban yi masa murna ba, na yi. Amma ranar da ya tafi, da na dawo daga rakiya na rufe ƙofar gida, sai na gane cewa mutum ɗaya tak da ya yarda ina ciwo a duk faɗin garin nan ya hau jirgi. Kafin ya tafi ya roƙe ni kada in yanke zuwa gaishe da Inna. Na ce ba zan yanke ba. Duk bayan 'yan makonni nakan ɗauki shatar ɗan adaidaita sahu, ni da yarinya, mu bi hanyar burji yana jijjiga ni kamar ana tankaɗe, in je in tsaya in karɓi "lafiya" ɗaya in dawo. Wani lokaci in kai mata soyayyen kifin bakin gada, don na ji an ce tana so. Takan ce a ajiye, an gode. Ban taɓa jin ta zage ni ba, ban taɓa jin ta yi da ni ba. Da ma ta zage ni, da na samu abin amsawa.

Abin ya zo ƙarshe ne wata ƙaramar Salla. Mun je washegari da hantsi, gidan cike da 'ya'ya da jikoki, kowa da sabon ɗinki. Inna tana cikin ɗakinta a kan tabarma, ana shiga layi-layi ana gaishe ta. 'Yata a lokacin ba ta wuce shekara huɗu ba. Ta saki hannuna ta shige gaba, ta tsaya ƙyam a gaban kakarta, ta dafa 'yan cinyoyinta, ta ɗan rusuna, ta ce, "Inna, barka da Salla." Sak yadda nake yi. Har ɗan cije leɓen da nake yi in bayana ya amsa sai da ta kwaikwaya.

Ɗakin ya ɗauki dariya. Ƙanwar maigidana ta tafa hannu ta ce, "To, soja ta haifi soja. Abin da aka koya mata ke nan."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta dubi yarinyar, ta ce a hankali, "Haka ake gaisuwa a gidanku?"

Ban san lokacin da zuciya ta ɗebe ni ba. Ni a ce mini soja, na ji, na haɗiye. Amma a ce 'yata ba ta da tarbiyya saboda ni, wannan ban iya ba. Na matsa gaba, na kama ƙafar gadon ƙarfen Inna, na saki jikina. Gwiwoyina suka daki daɓe. Abin da na ji ba ni da sunansa, na dai san wuta ta taso tun daga ƙasa har cikin haƙorana, ɗakin ya yi duhu ya dawo. Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, barka da Salla. An yi Salla lafiya?" Na jawo yarinyar na ce ta yi yadda na yi, ta yi.

"Ashe dai ana iyawa," in ji ƙanwar maigidana. "Yau an sauko."

Inna ta amsa mini, ta amsa wa jikarta. Aka gama gaisuwa. Wanda ya gama kuwa tashi yake ya ba na baya wuri, ni kuma ban tashi ba. Na gwada sau ɗaya a ɓoye, na ji ƙafafun ba sa tare da ni. Gumi ya fara bin bayana yana jiƙa sabon leshina. Na ci gaba da sunkuyar da kai kamar ladabi ne ya yi mini yawa, ina roƙon Allah kada ya sa a taru a ɗaga ni kamar buhu a gaban yaran gidan.

Sai na ji Inna ta ce, "Ku je ku duba tukwanen nan, ina jin ƙauri. Ku tafi da yaran, ku sakar mini labule."

Babu wani ƙauri. Suka fita, har da 'yata, ɗakin ya rage daga ni sai ita.

"Tashi mana," ta ce.

"Ba zan iya ba, Inna."

Ta matso da gindi a kan tabarmar har ta iso gabana. Ba ta nemi izini ba, ta ɗage bakin zanena, ta ɗora tafin hannunta a gwiwata ta dama. A kumbure take, da zafi kamar an sauke ta daga murhu. Ta taɓa ta hagu. Sannan ta kama hannuna ta juya shi, ta ga yadda yatsun suka fara karkacewa, waɗanda kullum nake ɓoyewa cikin mayafi. Ta daɗe tana kallo.

"Tun yaushe?"

"Tun haihuwar yarinyar nan."

"Kullum haka?"

"Kullum. Wata rana dai ta fi wata."

"Wannan ƙibar fa?"

"Magani ne, Inna."

Ta mayar da hannunta kan gwiwata. Can ta ce, "Shi wancan ya sani?" Ɗanta take nufi. Na ce ya sani, ya ma aiko a faɗa mata.

"Ƙafa aka ce mini," ta ce. "Wa ye ba ya ciwon ƙafa?"

A nan kukan da na riƙe tun rasuwar mahaifiyata ya ƙwace. Ba ta rarrashe ni ba, ba ta ce in yi haƙuri ba, hannunta dai yana kan gwiwata bai ɗaga ba. Da na lafa ta miƙe ta fita. Ba ta kira kowa ba. Sai ga ta ta dawo tana mirgino turmin daka, tsohuwa da ita, tana nishi. Ta kife shi a gabana ta ce in dafa. Na dafa turmi da hannu ɗaya, ta saƙalo kafaɗarta ƙarƙashin ɗayan, muka yi ta kokawa har na miƙe. Ta ce in zauna a kansa. Tsayinsa daidai ni, ƙafafuna suka huta, karon farko da na zauna a gidan tun da muka dawo.

Sati biyu na yi a kwance bayan wannan durƙuson, likita ta yi mini faɗa kamar ta ari baki. Ko a jikina.

Da na samu sauƙi na koma, ina ta tunanin yadda za a yi. In na zauna a turmi Inna tana tabarma, kaina ya fi nata tsawo, wannan ma ai wata rashin kunyar ce. Ina ɗaga labule na tarar da turmin a kife a gefen ƙofa, an shimfiɗa masa tsohon zane. Inna kuma tana zaune ɗare-ɗare a kan gadon ƙarfenta mai katifa biyu, ƙafafunta suna lilo ba su kai ƙasa ba. Matar da ban taɓa ganin ta hau gadon nan da rana ba, kullum cewa take na ajiye kaya ne. Ta nuna mini turmin da haɓa. Na zauna, na sunkuyar da kai, sai ga ni a ƙasa da ita kamar kowace suruka.

"Inna, ina wuni."

"Lafiya lau, 'yar nan. Ya hanya? Ya jikin? Ya yarinya? An ji daga wancan?"

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har sai da ta ƙare, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Har haƙurin rashin mahaifiyata sai da ta yi mini a ranar, bayan shekaru, ta yi mata addu'a mai tsawo.

Haka muka ci gaba. Da ta ji ƙarar ɗan sahu a ƙofar gida sai ta kakkaɓe zane ta haye gado. Ba hira mai yawa muke yi ba, ita ba mai magana ba ce, ni kuma a gabanta bakin nan nawa yakan mutu. Takan miƙo mini gyaɗa ɓararriya, don ta lura yatsuna ba sa iya ɓarewa. Takan tambaye ni me likita ta ce, in faɗa mata, ta gyaɗa kai kamar ta gane, wataƙila kuma ta gane. Wata rana ta sa aka kafa ƙusa aka ɗaura igiya mai kauri ta kamawa a bangon banɗaki, ta ce saboda tsufanta ne, daga ranar na fara shan ruwa a gidan. Kifin da nake kaiwa kuwa a gabana take buɗe shi, ta cire ƙaya ta tura mini rabi.

Abu ɗaya ne ba ta yi ba, ba ta taɓa yi wa kowa bayani ba. Ba halinta ba ne ta tara mata ta ce ga abin da na gani a jikin surukata, a wurinta wannan tonon asiri ne. Ni ma ban faɗa ba. Saboda haka matan gidan suka tsaya a kan abin da idonsu ya gani ranar Salla: tana iyawa in ta ga dama. Hawan gadon Inna suka ce tsufa ne, sanyin ƙasa ya fara damunta. Turmin kuma suka ce sabon salon soja ne, an samu kujerar mulki. Na ji, ban kula ba. Wadda nake zuwa dominta ta sani, ya ishe ni.

Ba mu cika shekara biyu a haka ba. Wata safiya cikin damina waya ta yi ƙara, aka ce Inna ta kwana da zazzaɓi, da asuba ta cika. An kwana ana ruwa, jikina ya ƙi motsi. Kafin yatsuna su saki in iya ɗaura zane, kafin in samu ɗan sahun da zai yarda ya shiga taɓon hanyar, har an kai ta an dawo. Ɗanta yana wata ƙasa yana kuka a waya. Ni ina Wudil, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, ban ga fuskarta ba.

Na isa gidan ya cika da mata, na kusa da na nesa, tabarmi tun daga zaure har ƙofar ɗakinta, ba masaka tsinke. Kowa ta shigo sai ta zube a gaban manya ta yi gaisuwa, ta nemi gefe ta zauna. Na lallaɓa ta tsakaninsu har ɗakin Inna. An fitar da katifun, gadon ƙarfe ne kawai tsirara. Na duba gefen ƙofa, babu turmi, sai tsohon zanen nan a yashe a ƙasa. Daga bayan ɗaki nake jin lugude, an fara dakan gero na gumbar sadaka. Ba wanda ya yi laifi, turmi ne, aikinsa ke nan.

Na ɗauki zanen na riƙe. Na dafa cinyoyina na rusuna wa ƙannen Inna da suka zo daga nesa, na yi musu gaisuwa, suka amsa suna kallona sama da ƙasa. Na koma na jingina da bango.

Wata tsohuwa da ban sani ba ta karkata wajen ta kusa da ita, ba ta ko rage murya ba, ta ce, "Wace ce waccan da take tsaye a kan mutane?"

"Matar babban ɗanta ce," aka ce mata. "Haka take. Ko marigayiyar ma a tsaye take gaishe ta."

Na buɗe baki, ni mai baki, sai na ga duk ɗakin babu wanda zai ce haka ne in na faɗa. Wadda za ta ce ɗin tana ƙarƙashin ƙasa tun hantsi. Na rufe bakina. Na tsaya a jikin bangon ɗakinta har aka kira la'asar, ina jin ana daka a turmina.